Ku Daina Cewa Ba Ku San Komai Ba

Sannunku da aiki, mutanen Tambuwal da Kebbe. Sannunku manoman tudu da na fadama, tun daga Dogon Daji da Jabo har Sanyinna, har Kuchi da Ungushi. Sannunku masu kora shanu, da masu jefa koma a Gulbin Zamfara, da majema, da maharba, da masu haƙar rijiya, da iyayenmu mata da ke kan sussuka da sheƙa tun ɗaukewar ruwa har sanyi ya kama. Allah Ya sa wa guminku albarka.

Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutanenmu, duk lokacin da na ji ta sai raina ya sosu. Za ka ga dattijo ya shekara 40 riƙe da hauya. Ya san ƙasar da ke son gero da wadda ke son dawa, ya san lokacin da shamuwa ke sauka da abin da saukarta ke nufi, ya dubi idon akuya da kashinta ya gaya maka abin da ke damunta. Amma da zarar wani yaro ya sauko daga mota da takarda a hannu, sai dattijon nan ya sadda kai ƙasa ya ce, "To, mu me muka sani, mu da ba mu yi boko ba?" Baba, ka sani. Wallahi ka sani. Zauna in ba ka labarin wani mutum, don ka ga irin sanin nan naka ne ya taɓa girgiza manyan malaman duniya.

Sunansa Alfred Russel Wallace. An haife shi a 1823 a yankin Wales na ƙasar Birtaniya, a gidan da arziki ya riga ya juya wa baya. Yana ɗan kimanin shekara 14 aka cire shi daga makaranta don babu kuɗin biya, kuma har ya mutu bai yi karatun jami'a ba. Ya bi yayansa William aikin awon ƙasa, yana jan sarƙar awo cikin ruwa da sanyi, yana kwana ƙauye-ƙauye. A wannan yawo ne idonsa ya fara tsayawa kan ciyayin da yake takawa. Ya sayi wani ɗan littafi mai araha kan tsirrai, ya riƙa tsinko ganye da fure yana gwadawa da abin da ke rubuce, ya busar, ya rubuta inda ya samo kowanne. Yayansa ma ɓata lokaci ya ɗauki abin.

A 1844 ya samu ɗan aikin koyarwa a garin Leicester. Can ya haɗu da wani saurayi, Henry Walter Bates, ɗan koyo a wurin masu saƙa safa, wanda ke aiki tun safe har dare, amma in ya samu sarari sai ya faɗa daji neman ƙwari dangin buzuzu. Da Bates ya buɗe masa akwatinsa ya ga ɗaruruwan iri, kowanne da siffarsa, duk daga kewayen gari ɗaya, sai tambaya ta kama shi ta ƙi saki. Me ya sa halittu suka yawaita haka? Ta yaya wannan iri ya bambanta da ɗan uwansa, alhali kamanninsu na nuna jininsu ɗaya? Samari biyu marasa hali, babu mai takardar shaida, suka yanke shawarar tafiya dajin Amazon a Birazil. Za su riƙa tara tsuntsaye da ƙwari suna aikowa Landan ana sayarwa, su ci abinci da kuɗin, su nemi amsa. Suka tashi a 1848.

Wallace ya shekara 4 yana hawan koguna cikin kwalekwale, zazzaɓi na kayar da shi yana tashi. Ƙanensa Herbert, da ya biyo shi don ya taya shi aiki, zazzaɓin shawara ya kashe shi a 1851. A 1852 ya tattara abin da ya tara ya shiga jirgin ruwa mai suna Helen ya nufi gida. Ran 6 ga Agusta, suna tsakiyar teku, jirgin ya kama da wuta. Da ƙyar ya fito da wani ɗan akwatin gwangwani mai ɗauke da zanen kifaye da na itatuwa dangin giginya. Yana zaune cikin ƙaramin kwalekwale yana kallo, dubban halittun da ya tara, da littattafan da ya cika da rubutu, da tsuntsaye masu rai da ya taho da su, duk suka ƙone ƙurmus. Kwana 10 suka yi rana na gasa su, ruwan sha na ƙarewa, kafin wani jirgi ya tsince su.

Na san a cikinku akwai wanda ambaliya ta kwashe masa shinkafa ana saura mako biyu yanka. Akwai wanda gobara ta cinye masa rumbu. Akwai wanda ɓarayin daji suka kore masa garke a dare ɗaya, da wanda tsoro ya hana shi leƙa gonarsa ta nesa. Ba zan ce asarar Wallace ta kai taku zafi ba, don shi dillalinsa ya sa masa kayan a inshora, ya karɓi fam 200, ku kuwa galibi sai dai a ce muku Allah Ya mayar da alheri. Amma ku lura da abin da wutar ba ta ci ba. Ba ta ci idon da ya shekara 4 yana koyon kallo ba, ba ta ci hannun da ya ƙware ba. Haka ku ma. Ɓarawon da ya kore shanu bai tafi da sanin kiwo ba, ruwan da ya ci shinkafa bai ci sanin fadama ba. Wannan jari yana nan tare da ku, kuma da shi ake sake tashi.

Da shi Wallace ya tashi. Ko shekara 2 bai cika a gida ba ya sake ɗaura ɗamara, a 1854 ya nufi tsibiran gabas mai nisa, inda yau ake kira Indunisiya da Malesiya. Shekara 8 ya yi can. Ya yi tafiyar da ta kai mil 14,000 daga wannan tsibiri zuwa wancan, ya tara halittu 125,660, dubbai daga cikinsu masana ba su taɓa saninsu ba. A 1856 ya haye daga tsibirin Bali zuwa na Lombok, ruwan da ke tsakaninsu bai kai kilomita 40 ba, daga wannan gaɓa kana hango waccan. Ƙasa iri ɗaya, ruwan sama iri ɗaya, amma tsuntsaye sun sauya. A Bali akwai maƙwaƙƙwafi da sauran tsuntsayen nahiyar Asiya. A Lombok sai ga farin aku mai tukku, da wani tsuntsu mai kamar kaza da ke tara tulin ƙasa da ganye ya binne ƙwansa a ciki, duk 'yan ɓangaren Ostireliya. Matafiya nawa suka haye wannan ruwa kafin shi ba su ga komai ba? Shi ya gani, don ya saba tambayar kowace halitta: ke daga ina, kuma me ya hana ki haye can? Daga baya aka gane mashigin nan mai zurfi ne ƙwarai, ko a zamanin da teku ta ja baya tsibirai suka haɗe da juna, shi bai taɓa ƙafewa ba. Har yau masana na kiran wannan iyaka da sunan Wallace.

Amsar da ya fita nema ta zo masa a Fabrairun 1858, a yankin tsibirin Ternate, yana kwance zazzaɓin cizon sauro na jijjiga shi. Ga ta a taƙaice. Kowace halitta tana haifar 'ya'ya fiye da waɗanda za su rayu. Masunci ya san ƙwan da ke cikin tarwaɗa ɗaya ba ya ƙirguwa, amma gulbi bai cika da tarwaɗa ba. Mai kiwon zabi ya san nawa ake ƙyanƙyashewa, nawa ke kaiwa kaka. Kuma 'ya'yan ba ɗaya suke ba. Wani ya fi gudu, wani ya fi jure ƙishirwa, wani launinsa ya saje da ƙasa har shaho ya wuce bai gan shi ba. Yunwa da fari da cuta da maƙiya su ne rariya. Wanda ya dace da wurin shi ke tsallakewa, ya hayayyafa, ya gadar wa zuriyarsa halinsa. In aka yi ta wannan tankaɗe zamani bayan zamani, shekaru dubbai kan dubbai, sai iri ya sauya a hankali, har reshe ya rabu da reshe kowanne ya zama iri mai zaman kansa.

Da zazzaɓi ya sake shi ya rubuta wannan cikin 'yan kwanaki ya aika wa Charles Darwin a Ingila. Shi Darwin ɗan masu hali ne, ɗan babban likita, ya yi karatu a Kambirij, ya zaga duniya a jirgin Beagle daga 1831 zuwa 1836, kuma ya shekara 20 yana tattara hujjoji kan wannan tunani bai fitar ba. Ya buɗe wasiƙa a watan Yunin 1858, sai ga abin da yake ɓoyo, ɗan talaka ya gano shi a cikin bukka. Ran 1 ga Yuli aka karanta rubutun su biyun a gaban ƙungiyar masana halittu ta Linnean a Landan, shi Wallace yana can tsibirin Niyu Gini bai ma san ana yi ba. A 1859 Darwin ya fitar da babban littafinsa kan asalin nau'o'in halittu.

A nan sai in dakata, don na san abin da ke ran mai karatu. Mu Musulmi ne. Mun yi imani Allah ne Mahaliccin kowa da komai, labarin babanmu Annabi Adamu, alaihis salamu, kuwa daga wahayi muka karɓe shi, ba daga littafin matafiyi ba. Waɗanda suka ɗauki wannan nazari suka ce ya kore Mahalicci, sun faɗi abin da awo da gwaji ba su isa su tabbatar ba. Shi kansa Wallace daga baya ya saɓa wa Darwin a fili, ya ce tankaɗen nan bai isa ya bayyana hankalin ɗan Adam ba, lalle akwai wani iko da ke sama da shi. Amma cewa dabbobi da tsirrai na sauyawa, wanda ya dace da wuri ya wanzu ya yaɗu, wannan abu ne da ke gudana a gonarka da garkenka, kuma lura da yadda Ubangiji Ya tsara shi ba ya rage imani, ƙara shi yake yi. Littafin da muke karantawa safe da yamma yana da surori masu sunan saniya, da kudan zuma, da tururuwa, da gizo-gizo, da giwa.

To ga abin da nake so ya shiga kunnenku. Da Darwin ya tashi kafa hujja, bai fara da dajin Amazon ba. Babin farko na littafinsa kan dabbobin gida ne da amfanin gona. Ya yi kiwon tantabara da hannunsa, ya shiga ƙungiyoyin masu kiwonta a Landan, ya zauna da su yana tambaya, ya yi ta rubuta wa makiyaya da masu lambu wasiƙu. Wato a wurin irinku ya je ɗaukar karatu.

Ku dubi abin da kuke yi da kaka. Kafin a ɗaure dame, mai gona yakan tsuguna gaban tulin gero yana ɗaga zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Ya gwada tsawonta da damtsensa. Ya murza ta da babban yatsa ya ji ko ƙwaya ta cika ta matse, ko kuwa sako-sako ce. Ya duba ko ta yi ido har can tsini, ya juya ya ga ko tsutsa ta yi mata zagaye. Wadda ta ci jarrabawa ya ajiye ta hannun dama. Su za a ɗaure daban, a kai su can saman rumbu inda gara da ɓera ba sa kaiwa. Ko yunwar bazara ta kai ina, ba a taɓa wannan dame, don wanda ya ci iri ya ci baɗi. Kuma tun da damina, in ya hango shibra a tsakiyar gona, mai guntun kai da ƙwayar da ke zubewa da kanta, ya riga ya tumɓuke ta don kada ta lalata masa iri.

Kun san abin da wannan tsugunon ya haifar? Geron daji, kakan namu, har yau yana nan a bakin Sahara, da ɗan guntun kai da ƙananan ƙwayoyi, da sun nuna sai su watse ƙasa. Masu tonon tarihi sun samu shaidar geron gida a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali da ta kai kimanin shekara 4,500. Tun daga lokacin manoma ke zaɓe, uba ya miƙa wa ɗa, uwa ta miƙa wa 'ya, har aka samu zango mai kai fiye da tsawon hannun mutum, aka samu gero mai saurin nuna da ke fid da gida daga yunwa, aka samu maiwa mai jiran ƙarshen damina. Ba a ɗakin gwaji aka yi wannan ba. Jar shinkafarmu ta gargajiya, wadda ke miƙa wuya tana bin ruwa in fadama ta cika, ita ma mutanen Afirka ta Yamma ne suka fid da ita daga ta daji. Da masana suka so shinkafa mai jure wahalar ƙasarmu, ita suka koma wa. Wani masani ɗan Saliyo, Monty Jones, ya haɗa ta aure da ta Asiya aka samu irin Nerika, har ya karɓi babbar kyautar abinci ta duniya a 2004.

Haka jar akuyar Sakkwato. Majemi ya san abin da ke hannunsa in ya shafa fatarta, laushi da ƙarfi a haɗe. Shekaru aru-aru fatake na ratsa hamada da ita, Turawa na yi wa littattafansu masu daraja bango da ita suna kiranta fatar Maroko, alhali daga ƙasarmu ta fito. Matan da ke cewa wannan 'yar akuya uwarta mai tagwaye ce, kada a sayar, su suka gina wannan iri. Bafulatanin da ke cewa wannan maraƙi za a bari bijimi, wancan a dandaƙe, shi ya gina Gudali da Rahaji.

Sanin wannan tsari kuma yana da amfani a aljihu yau ɗin nan. Manya sun tuna lokacin da kulorokwin ke sauke zazzaɓi cikin kwana biyu. Sannu a hankali ya daina ci, har Najeriya ta sauya shi da wani magani a 2005. Maganin bai lalace ba. Ƙwayoyin cutar da ya iya kashewa sun mutu, 'yan kaɗan masu taurin rai suka tsira suka hayayyafa suka cika gari. Abin da ke faruwa ke nan a gonar wake da ta albasa in ka ji manomi na cewa, "Maganin bana ba ya kashe ƙwari kamar na da." Wani lokaci jabu aka sayar masa, gaskiya ne. Amma wanda ke feshi da rabin awo don tsimi, ko ya nace wa magani ɗaya shekara da shekaru, raunana yake kashewa ya bar wa ƙarfafa gona. Haka mai yi wa saniya allura ɗaya ya daina da ta ɗan miƙe. Ku cika awo, ku cika kwanaki, ku riƙa sauya magani bisa shawarar malamin gona ko likitan dabbobi. Kuma ku ne za ku fara ganin baƙon ƙwaro kafin kowa. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara, da ta ɓullo a Najeriya a 2016 daga nahiyar Amurka, a gona ta sauka, ba a ofis ba.

Ƙasar da kuke takawa ma tana da nata labari. Farin dutsen Kalambaina da ake sarrafa siminti da shi cike yake da ɓawon halittun teku da suka zama dutse, shaidar cewa teku ta taɓa kwanciya inda Sakkwato take. A ƙasar Goronyo an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai jan ciki, wadda masana duwatsu suka ce ta rayu fiye da shekara miliyan 65 da suka wuce, a 1972 aka raɗa mata suna da sunan garin. Mai haƙar rijiya da mai fasa dutse, in kun ci karo da abu mai kama da haƙori ko ƙashi ko katantanwa a cikin dutse, kada ku jefar. Ku adana, ku riƙe wurin da zurfin da kuka same shi.

Yanzu ga ɓangaren labarin da ya fi taɓa mini zuciya. A 1855, a Sarawak, Wallace ya ɗauki wani yaro ɗan ƙabilar Malay, mai kimanin shekara 15, sunansa Ali, don ya riƙa dafa masa abinci. Ali ya koyi harbi, ya koyi feɗe tsuntsu ba tare da ya ɓata gashi ko ɗaya ba, ya koyi tuƙin jirgi, har ya zama shugaban yaran aiki. In zazzaɓi ya kayar da maigida, shi ke jinya, shi ke shiga daji. Cikin tsuntsaye 8,050 da Wallace ya kai gida, masu bin diddigin tarihi suna ganin kaso mai yawa Ali ne ya harbo su. A 1858, a tsibirin Bacan, Ali ya dawo daga daji da wani tsuntsu mai ƙirji kore shar da wasu dogayen fararen gashi a kafaɗa, wanda babu masanin da ya taɓa gani. Aka sa wa tsuntsun sunan Wallace. Gaskiya Wallace bai ɓoye alherin yaron ba, ya yabe shi a rubuce, da za su rabu a Singafo a 1862 ya ba shi kuɗi da bindigogi da kayan aiki. Amma ɗaya ya koma ya rubuta littattafai, duniya ta san shi. Ɗayan, sai a 1907 wani masani Ba'amurke ya gamu da shi a Ternate, tsoho tukuf, yana gabatar da kansa da sunan Ali Wallace. Ba mu da ko shafi ɗaya daga hannunsa.

Mu ma an yi mana haka a nan. A 1885 zuwa 1886 wasu Jamusawa biyu, Paul Staudinger da Ernst Hartert, sun ratso ƙasar Hausa har Sakkwato da Gwandu suna tara tsuntsaye da ƙwari, Hartert ya zama ɗaya daga cikin manyan masana tsuntsaye na zamaninsa. Wani likitan zamanin mulkin mallaka, John Dalziel, ya fitar da littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, sannan a 1937 ya fitar da babban kundi kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma, wanda har yau ake jingina da shi a jami'o'i. Ya yi aiki, ba a hana masa. Amma wa ya nuna masa sabara da geza da kalgo? Wa ya gaya masa saiwar da ake jiƙa wa mai jego da ɓawon da ake dafa wa mai ciwon ciki? Kakanninmu ne, maharba da makiyaya da unguwarzoma. Yau itacen hano, a littattafan masana na duniya, sunan Dalziel yake ɗauke da shi.

Abin da ya raba Wallace da Ali ba kaifin ido ba ne. Alƙalami ne. Ɗaya yana rubuta abin da ya gani, da rana, da wuri, ɗayan yana riƙewa a ka. Abin da ke ka kuwa, ranar da aka kai mutum makwanci an kai shi tare. Dattijo nawa muka binne a Tambuwal da Kebbe da sanin irin dawar da ke jure wuta-wuta, da sanin ramin da gaiwa ke kwana cikin busasshen laka har ruwa ya dawo, da sanin shekarar da ungulu ta fara ƙaranci a mahauta?

Kada wani ya ce rubutu na 'yan boko ne. Tambuwal garin Buhari ɗan Shehu ne, gidan tawada da allo. Ɗan uwansa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki ya zauna ya rubuta littattafai kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Tun kafin su, a Basra, an yi Al-Jahiz, wanda aka ruwaito yana yaro burodi da kifi yake sayarwa a bakin ruwa. Ya koyar da kansa a masallatai da shagunan masu littattafai, ya saurari makiyayan hamada da matuƙa jirgi, ya bar wa duniya Kitabul Hayawan, babban kundi kan dabbobi, kimanin shekara 1,000 kafin Wallace ya sauka Ternate. Wanda bai iya boko ba ya iya ajami. Wanda bai iya ko ɗaya ba yana da ɗa ko jika da ya iya. Waya kuma tana ɗaukar hoto, tana naɗar murya, tana riƙe kwanan wata.

Masu buƙatar abin da kuka sani suna nan kusa. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato tana da sashen aikin gona da na likitancin dabbobi. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya na aiki kan dawa da wake da gyaɗa, ta Tafkin Chadi a Maiduguri na aiki kan gero, ta Shika na aiki kan dabbobi. Tun 2015 cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos ke jagorantar aikin ƙididdige tsuntsayen Najeriya wuri-wuri, kuma 'yan sa-kai ne ke yi da wayoyinsu. Yaron da ke korar jan baki a gonar shinkafa tun asuba ya fi kowa cancantar shiga. Ku kuma malaman jami'a da ɗalibanku, in kun zo ƙauye da takardar tambayoyi, ku zauna kan tabarma ku saurara da ladabi, ku rubuta sunan wanda ya gaya muku in ya yarda, ku dawo ku faɗa masa abin da binciken ya haifar, da harshen da yake ji. Haƙƙi ne.

Wallace bai manta inda ya fito ba. Yana saurayi ya yi awon filayen kiwo na jama'a da aka yanka wa masu ƙarfi aka hana talakawa, abin ya tsaya masa a rai, har a 1881 ya shugabanci ƙungiyar da ke fafutukar ƙasa ta zama ta al'umma. Duk wanda ya ga yadda burtali ke ƙanƙancewa a ƙasarmu ya san zafin da yake ji. Bai yi kuɗi ba, ya sha duba takardun jarrabawa don ya ciyar da iyali, ya rasu a 1913 yana da shekara 90 yana kan rubutu.

Saboda haka, Baba, in yaronka ya tsaya bakin gona yana kallon tururuwa, kada ka kai masa ranƙwashi ka ce shiririta ce. Tambaye shi me ya gani. Inna, in 'yarki ta ce me ya sa gawo ke zubar da ganye da damina sauran itatuwa na tohowa, kada ki ce ta cika surutu. Ku samari da kuka gama sakandare kuna zaune kuna jiran aiki, ku sayi littafin rubutu, ku je wurin tsofaffin unguwarku tun suna da rai. Kakar bana, ranar da za a ɗaure damen iri, a kira mai alƙalami ya zauna kusa. A rubuta sunan irin, da wanda aka gada daga gare shi, da ranar shuka, da ranar yanka, da yadda ya yi da fari da tsutsa, da dame nawa gonar ta bayar. A saman shafin kuma a rubuta sunan mai gonar, da na mahaifinsa, da na garinsa.